Allurar Shanu a Cinyar Ango

Ranar wata Lahadi ce a ƙarshen watan Maris, an taso daga coci, mu biyar muna zaune a kicin ɗin ƙanena Verlyn. Da shi, da matarsa Marlys, da 'yarsu Tessa, da saurayinta Dalton wanda aka sa musu rana watan Yuni, sai ni Twila, gwaggon amarya, wadda ba a taɓa gayyata ba kuma ba a taɓa rasa ta a teburin ba. Marlys ta gasa naman sa da dankali. Tana ci tana karanto sunayen waɗanda za a aika wa katin biki, tana soke waɗanda suka ɓata mata rai bara.

Bari in sauke muku nauyi tun yanzu, don ni ba na son labarin da ke hana mutum haɗiyar abinci: Dalton yana nan da ransa. Jiya ma na wuce shi a kan doki yana yi wa wata saniya faɗa. Auren ne ya kusa mutuwa, kuma a hannunmu, mu dangin amarya.

Dalton ya kurɓi kofi mai zafi, sai ga shi yana gangarowa ta gefen bakinsa, ya bi gemu, ya sauka a farar rigarsa ta zuwa coci. Shi kuwa ko a jikinsa, yana ta sauraron Marlys.

Tessa ta ce, "Dalton, kofi na zuba a rigarka."

"Ina?"

"Au, ba ka ji ba? Ga shi nan yana bin gemunka!"

Gemun nan tun watan Janairu ya tara shi, wai saboda sanyi. Tessa ta miƙe ta zagayo ta kama haɓarsa. Ya kauce yana dariyar yaƙe.

"Haba Tessa, a gaban su Mama?"

"Tsaya min nan, malam!"

Yatsunta suka shiga cikin gashin, sai na ga fuskarta ta sauya. A ƙarƙashin gemun, ta hagu, akwai kumburi kamar ƙwan kaza, mai tauri, ba ya motsi. Ta sa shi ya buɗe baki. A dasashinsa, daidai inda yake cusa garin taba tun yana ɗan shekara sha huɗu, wani farin gyambo ne ya yi rami, haƙora biyu suna girgiɗi.

"Tun yaushe?"

"Bayan Kirsimeti kaɗan."

"Wata uku! Me likita ya ce?"

"Ina dai yin allura."

"Wace allura? Wa yake yi maka?"

Ya sunkuyar da kai, ƙaton mutum, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. "Ta shanu ce. Ni nake yi wa kaina a cinya."

Marlys ta saki cokali. "Allurar shanu! Mutumin da zan ba 'yata shi ke soka wa kansa allurar shanu? To ai ƙaho kawai ya rage maka!"

Kada ku yi saurin cewa mahaukaci ne. A nan tuddan yashi namu na Nebraska, asibiti mafi kusa tafiyar awa ɗaya da rabi ce, kuma kowane magidanci shi ne likitan garkensa. Saniya takan tauna busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi ya soke ta a dasashi, muƙamuƙi ya kumbura ya yi tauri, a yi mata allura, sau da yawa ya sauka. Kwalbar allurar nan tana firij ɗin kowane gida, kusa da madarar yara. Ga shi lokacin haihuwar shanu ne, saniya ɗari biyu a wuyan Dalton shi kaɗai, don tun rasuwar mahaifinsa daga shi sai tsohuwarsa Ardis. Namijin da ya bar garke a irin wannan lokaci ya tafi nuna wa likita kumburi, dariya za a yi masa a kasuwar shanu har shekara ta zagayo. Wauta ce, ban musa ba, amma wautarmu ce mu duka.

Verlyn ya ture farantinsa, ya ce akwai karsanar da ke naƙuda, ya ɗauki hula ya fita. Ƙanena ko gobara ake yi ba ya barin nama a faranti, amma ranar hankalina yana kan bakin Dalton.

Ni na raka Dalton da Tessa babban asibitin birnin Omaha, tafiyar awa biyar, don Ardis ba ta jure doguwar mota. Bayan gwaje-gwaje na kwana huɗu, likitar, wata 'yar siririyar mata mai magana a hankali, ta zaunar da mu.

"Ciwon daji ne. A dasashi ya fara, inda kake ajiye taba, yanzu ya ci ya shiga ƙashin muƙamuƙi. Za mu cire ƙashin daga nan zuwa nan, mu ɗauko wani a ƙwaurinka mu sassaƙa mu dasa. In ka warke, a yi maka gashi da hasken na'ura na sati shida."

Tessa ta ce, "Zai tashi?"

"Huhunsa lafiya, hantarsa lafiya. Kun makara, amma akwai sauran dama, kuma dama ce mai kyau."

"Magana fa?"

"Zai yi magana. Ba irin ta da ba."

Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, na yi wa Allah godiya a fili. Sai ga Dalton ya gyara zama ya ce, "Likita, ba za a ɗan bari a gama haihuwar shanu ba?"

Tessa ta maka masa jakarta a kafaɗa. Na ga likitar ta kare bakinta da takarda.

Mun dawo gida da murnarmu a hannu, muka tarar Marlys ta tattara katunan biki ta ɗaure da roba ta jefa saman kabad.

Tessa ta ce, "Mama, an ce zai warke! Ɗaga bikin kawai za mu yi zuwa kaka, in an sayar da maruƙa."

"Ba ɗagawa za a yi ba. Fasawa za a yi."

"Mama!"

"Shekararki ashirin da huɗu. Kin san mene ne jinya? Kin taɓa wanke bakin da ya ruɓe? Yau su ce ya warke, baɗi su ce ya dawo, ki tsufa a kan kujerar asibiti, ba ɗa ba jika! Kuma mutumin da ya zauna a teburina wata uku yana cin abincina yana dariya, da wannan abu a ƙarƙashin gemu — wanda ya ɓoye miki wannan, me ba zai ɓoye miki ba?"

"Tsoro ne ya sa shi, Mama."

"To ni ma tsoron ne."

Tessa ta durƙusa ta riƙe gefen rigar uwarta tana kuka. Marlys ta kawar da kai.

"In kin ga dama ki aure shi, ba ni da igiyar ɗaure ki. Amma ƙafata ba za ta taka cocin ba, kuma kada ki sake kawo min shi gidan nan."

"Baba, ka ce wani abu mana!"

Verlyn ya kalli takalminsa. "Ki bi mamanki a hankali, 'yata."

Na buɗe baki ke nan Marlys ta ɗaga min hannu. "Yaya Twila, ina ganin girmanki, kada ki sa baki." Na haɗiye maganata, amma na fita ina tafasa, kuma haushin ƙanena ya fi na matarsa yawa a raina.

A waje Tessa ta share hawaye ta ce min, "Gwaggo, ba zan bar shi ba, kuma ba zan shiga coci babu Mama ba. Zan jira."

"Har yaushe?"

"Har ta sauko."

Na san Marlys shekara talatin, ban taɓa ganin ta sauko daga ko da musun farashin ƙwai ba. Amma yarinyar nan ta riƙe maganarta. Ba ta bar gida ba, ba ta ɗaga wa uwarta murya ba. Da safe ta ba kaji abinci ta wanke kwanuka, ta tafi makarantar firamaren da take koyarwa. Juma'a ana tashi ta kama hanyar Omaha, Lahadi ta dawo ta gaida uwarta, a amsa mata da ƙyar. Maƙwabta suka raba wa kansu duba shanun Dalton.

Awa goma sha ɗaya aka yi ana aikin. Da aka fito aka ce an kwashe ciwon duka, ni da Tessa muka rungume wata mai shara da ba mu sani ba. Kwana na biyar muka shiga wajensa. Fuskar ta kumbura, ɗinki tun daga leɓe har wuya, robar abinci a hanci, ƙafa a naɗe. Ba ya iya magana, sai wani ɗan farin allo da yake rubutu a kai. Ya rubuta ya miƙa mata.

"Ki dawo min da zobena. Mamanki ta yi gaskiya."

Ta karanta, ta sa hannun riga ta goge. Ya sake rubutawa.

"Dubi fuskata."

"Na duba. Da ma can ba don kyau na so ka ba, kada ka ruɗi kanka."

Dariya ta kama shi, ciwo ya tsayar da ita, na'ura ta hau ƙara, nas ta shigo tana harararmu. Tessa ta ƙwace alƙalamin ta jefa a jakarta.

"In zobenka kake so, ka warke ka faɗa min da bakinka. Ba na karɓar saki a allo."

Aka sallame shi tsakiyar watan Mayu, daidai lokacin gayyar yi wa maruƙa tambari da ƙarfe mai zafi. Kowane gida da ranarsa tun zamanin iyaye. Ba a gayyata, ba a biya, maza su zo da dawakai da igiyoyi, mata su zo da tukwane. Wanda bai zo taka ba kuwa ya gaya wa duniya ke nan cewa ba ku tare. Ranar gidan su Dalton Asabar ta uku ce, kuma shekara ashirin Verlyn ne ke riƙe musu ƙarfen, don ba a ba kowa sai dattijon da aka yarda da hannunsa. Marlys ta ce bana babu mai zuwa daga gidanta. Tessa ta ce, "Wannan kam ki gafarce ni, Mama," ta tafi tun da sassafe taya Ardis girki.

Na biyo ta gidan ƙanena da burodin da na gasa, na tarar Verlyn yana shigar da dokinsa tirela, Marlys tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ina za ka da dokin nan, Baban Tessa?"

"Gidan Ardis."

"Ban ce babu mai zuwa ba?"

"Kin ce."

"Za ka je ka yi wa wancan sakaran aiki, mai allurar shanu, bayan ya..."

"Marlys, ni na ba shi kwalbar."

Hannun Marlys ya sauka daga ƙugu. Ni ma burodin ya kusa suɓuce min.

"A watan Janairu ya same ni a bakin shinge ya ce, Baba, duba min nan. Na taɓa yadda nake taɓa na saniya, na ce ba komai ba ne, irin na shanu ne. Ya ce ko dai ya je asibiti? Na ce ka bar garke ka tafi saboda ƙurji? Na shiga firij ɗinki na ɗauko masa. Har yawan da zai zuƙa ni na nuna masa." Ya kalli ƙasa. "Ranar da na ce miki na tafi kasuwar bijimai, Omaha na je. Na ce masa zan faɗa, ya rubuta min a allo: kada ka faɗa, Mama ba za ta yafe maka ba. Wata biyu kina zagin yaron nan a kan laifina, bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya."

Ƙanena ya jingina da tirela yana kuka. Rabona da ganin hawayensa tun jana'izar mahaifiyarmu.

Marlys ta zauna a kan matakala, a hankali. Sai ta ɗago kai ta kalle ni.

"Yaya, kun san babana ya rasu kafin a kawo ni garin nan. Ban taɓa gaya muku da me ya tafi ba. Da irin wannan ciwon na Dalton ya tafi. Ina 'yar shekara sha tara, ni na yi jinyarsa shekara biyu, ni ke ba shi abinci da cokalin shayi. Ranar da yaron nan ya buɗe baki a kicin ɗina, warin na fara ji kafin in gani." Ta share fuska da gefen riga. "Ku tafi ku ba ni wuri."

Muka tafi, ba mu san inda ta dosa ba.

Rana ta take aka gama maruƙa, hayaƙi da ƙaurin gashi sun cika gari, mutum wajen talatin suka zauna a dogayen tebura a rumfar motoci ana yagar nama. Dalton yana gefe a kan kujera, ya rufe rabin fuska da ƙyalle. Likitoci sun ba shi izinin fara shan abu mai ruwa, amma duk gwajin da ya yi ƙwarewa yake, don haka ya daina. Yana kallon mutane suna cin naman sansa.

Sai ga motar Marlys. Cokula suka tsaya. Ta fito da wata 'yar tukunya naɗe da tawul, ta ratsa taron ba ta gaida kowa ba, ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Cire ƙyallen nan. Na ga abin da ya fi wannan."

Ya cire. Ta kalli fuskar sosai, ba ta ƙifta ba. Ta buɗe tukunya: romon ƙashi ne da dankali, an tace shi ta rariya, da man shanu, ba zafi ba sanyi. Ta zaro cokalin shayi daga aljihu.

"Karkato kanka dama, wajen mai lafiya. Sunkuyar da haɓa. Kaɗan zan sa, ka haɗiye sau biyu. Kada ka yi sauri, ba tsere ake ba."

Ya haɗiye. Muka jira tari, tari bai zo ba. Wata guda ke nan rabon da abinci ya bi ta bakinsa. Ta ƙara, ya haɗiye. Hawaye suka gangaro masa.

"Kai, ban da kuka, za ka ƙware!" Ta goge masa gefen baki da tawul. "Sakarai kawai. Ka rufa wa tsohon banza asiri, ka bar ni ina ta kwashe maka albarka."

Tessa ta zo ta zube ta kifa kai a cinyar uwarta. Marlys ta dafa ta da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da cokali.

"Ban ce na yarda ba tukuna. A gama gashin mu gani."

Ardis ta ɗaga hannu sama tana godiya, ni kuwa na zauna na ci nama faranti biyu, don rabona da jin daɗin abinci tun watan Maris. Verlyn ya sha hukuncinsa: sati uku ana dangwara masa abinci ba magana, kuma bai ce an zalunce shi ba.

Gashin ya ba Dalton wuya, bakin ya sale, ya rame har bel ɗinsa ya ƙare huda. Wadda ta ce ba ta yarda ba tukuna ita ta kulle gidanta ta bi su Omaha da injin markaɗenta, har nas-nas suna zuwa tambayarta yadda take haɗa romon. A watan Satumba aka ɗauki hoto, likitar ta ce ba ta ga komai ba, a riƙa zuwa dubawa duk bayan wata uku. Tessa ta kira ni a waya, ta kasa magana, sai dariya da kuka a haɗe. Da suka dawo, Marlys ta sa Verlyn ya hau kujera ya sauko mata da katunan. Ba ta ce za ta je ba, ba ta ce ba za ta je ba, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta.

Ranar bikin, Asabar ta biyu a watan Oktoba, ta riga kowa zuwa coci, ta zauna a layin gaba da sabuwar hula.

Aka zo wajen alkawari. Dalton ya yi wata guda yana bitarsa a cikin a-kori-kurarsa, amma leɓen ƙasa ba ya jin umarni, ga faɗuwar gaba. Maganar ta fito a cakuɗe, a hankali. Fastonmu tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi. Ya kara hannu a kunne ya ce, "Ɗana, ban ji ba, sake faɗa." Dalton ya sake, gumi na keto masa. Fasto ya matso ya ce, "Ƙara dai sau ɗaya." Wasu 'yan mata a baya suka fara ƙus-ƙus, na ga kunnuwan ango sun yi ja, ya sunkuyar da kai.

Marlys ta miƙe tsaye.

"Fasto, ni na ji shi. Ya ce zai riƙe ta cikin lafiya da cikin ciwo, kuma na yarda da shi. Ni ce uwar yarinyar. Ci gaba."

Coci ya kaure da tafi, abin da ba mu taɓa yi ba a tsakiyar addu'a. Tessa ta juyo ta kalli uwarta, ta ce, "Na gode, Mama," a hankali, amma har layi na uku mun ji.

To 'yan mata, ku da kuke gaggawa, ga darasinku. Da Tessa ta zagi uwarta ta gudu ta yi aurenta, da ta samu miji ta rasa uwa, da kuma ta bi tsoron uwar, da ta rasa mutumin kirki. Haƙurin wata bakwai ya ba ta su duka biyu. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa ɗan wani hukunci, ku fara tambayar mutanen gidanku abin da suka sani. Ku kuwa samari, in kun ga gyambo a bakinku ya wuce sati biyu, ku bar shanun, maƙwabta za su duba muku, ku je likitan mutane ya gani.